Na'urar gano kifi ta jiragen shaƙatawa: yaya take aiki, kuma za ta yi amfani a ruwan Zariya?

Abban_Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana lantarki da masu su. A bidiyoyin Turawa masu fita kamun kifi da ƙananan jiragen ruwa, za ka ga wani ɗan allo a gaban matuƙi yana nuna ƙasan ruwa da wasu zane-zane, su ce wai kifaye ne. Wani abokina da ke karatu a waje ya ce zai iya taho mini da ƙarama in zai dawo. Kafin in ɗora masa ɗawainiya ina so in sani, abin nan kyamara ce ko me? In kyamara ce, ai ruwanmu da damina jawur yake, ko tafin hannunka ka tsoma ba ka gani. Za ta yi aiki a dam ɗin Shika ko Kubanni? Ni fatsa nake jefawa ranar Asabar don nishaɗi, ba sana'ata ba ce.

Dan_Fagge:
Ikon Allah, Zage-zagi an fara maganar jirgin shaƙatawa. Ku da duk ruwanku in akuya ta ji ƙishi sosai sai ta shanye. Ku zo Tiga ku ga abin da ake kira ruwa tukuna.

Abban_Hanwa:
Bakano ke nan. Tigar da kake taƙama da ita ai ta fi kusa da hanyarmu a kan Fagge. Bari masana su yi magana.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Ba kyamara ba ce, ba ruwanta da haske sam, da sauti take aiki, shi ya sa dare da rana duk ɗaya ne a wurinta. Kashi biyu ce: allon da kake gani a sama, da wani ɗan dunƙulallen kai da ake ɗaurewa a bayan jirgi ya nutse cikin ruwa, shi ne tiransdusa. A cikinsa akwai faifan tangaran na musamman, wanda in aka ba shi wuta sai ya motsa, in kuma aka motsa shi sai ya ba da wuta. Na'urar takan harba masa wuta na ɗan lokaci ƙanƙani, ya kaɗa, kaɗawar ta ratsa ruwa ta nufi ƙasa. Daga nan sai ya yi tsit yana saurare. Duk abin da sautin ya ci karo da shi, ƙasa ce, kututture ne, kifi ne, wani kaso zai dawo ya bugi faifan, faifan ya mai da shi 'yar wuta, na'urar ta auna tsawon lokacin da tafiya da dawowar suka ɗauka. In ka taɓa ƙwala kira a gindin dutsen Kufena ka ji muryarka ta dawo, to shi ne wannan, sai dai ita tana maimaitawa sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma tana riƙe da agogo. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: jan ruwa ba ya makantar da ita.

Malamin_Fiziks:
Bari in ɗora lissafin a kan bayanin Injiniya. Sauti a iska yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. A ruwan daɗi kuwa kusan mita 1,480 yake yi, ya ninka fiye da sau huɗu. In zurfin wuri mita 5 ne, sautin zai yi mita 10 ke nan zuwa da dawowa, abin da bai kai kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Na'urar sai ta ninka lokacin da saurin, ta raba biyu, ta rubuta maka zurfi. Iyakar abin da ta sani ke nan: nisa, da ƙarfin amsar da ta dawo. Duk sauran launuka da zane-zanen da kake gani, daga waɗannan biyun aka ƙera su.

Kabiru_Kwangila:
Malam, 1,480 ɗin nan ai a ruwa mai sanyin digiri 20 ne. Ruwanmu a watan Afrilu ya wuce haka nesa, kuma ruwa in ya yi ɗumi sauti ya fi gudu a cikinsa, ya kai 1,500 ko ya ɗara. Ba za ta riƙa ba shi zurfin ƙarya ba?

Malamin_Fiziks:
Gaskiyarka, Kabiru, amma duba bambancin: 20 a cikin 1,500, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A zurfin mita 5, 'yan santimita ne. Mai fatsa ba zai ji a jikinsa ba. Masu awon dam da tashoshin jiragen ruwa su ne ke damuwa da gyara wannan.

Jikan_Sarkawa:
To ni dai da gwangwala na tashi. Ka soka ta ƙasa, hannunka zai gaya maka laka ce ko yashi ne ko dutse, kuma ka san gaba nawa ne. Iyayenmu suna duban yadda ruwa ke murɗawa su ce akwai gurbi a nan, su dubi kumfar da ke tasowa su ce tarwaɗa ce ta shaƙi iska ta koma. Ba na raina abin Bature, amma ina so masu ilimi su gaya mini, ta yaya sauti zai bambance kifi da ruwa, alhali naman kifi shi ma kusan ruwa ne?

Dalibar_Kifi:
Baba, wallahi tambayar nan ita ce gundarin maganar. Naman kifi da ruwa sun yi kusa a nauyi, don haka sauti yakan ratsa naman kusan salin-alin, amsar da ke dawowa kaɗan ce. Abin da ke tona asirin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa, wannan farar da kuke cirowa in kuna gyara, wadda yake daidaita nutsewa da tasowa da ita. Sauti in ya fito daga ruwa ya ci karo da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 yake komawa baya. A kifin da ke da cikakkiyar jaka, kusan kashi 90 na amsar daga jakar take fitowa. Shi ya sa karfasa da giwan ruwa za su fito sosai a allo. Tarwaɗa kuwa jakarta 'yar ƙarama ce, kuma a lulluɓe take cikin ƙashi a bayan kai. Ga shi ita ma'abociyar kwanciya a laka ce. Amsarta sai ta cakuɗe da ta ƙasa, allo ya nuna ɗan tudu kawai, ko ma kada ya nuna komai.

Jikan_Sarkawa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ashe tarwaɗa har Bature ta fi wayo. To Abban Hanwa, me kake kamawa a Shika in ba tarwaɗa da karfasa da ɗan ƙurungu ba?

Abban_Hanwa:
Su ne dai, Baba. Ni tarwaɗar ma na fi nema. Kun fara sanyaya mini jiki.

Bazazzagi_a_Amurka:
Salam. Ina amfani da ita a tafkunan nan inda nake, bari in faɗi abin da bidiyo ba ya nunawa. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne yana ɗaukan allon a matsayin hoton ƙasan jirginsa. A'a. Gefen dama na allo, wannan siririn layin na ƙarshe, shi kaɗai ne yanzu. Duk abin da ke hagu tarihi ne, amsoshin da suka riga suka dawo ne ake turawa gefe. Za ka ga kifi a tsakiyar allo ka jefa ƙugiya, alhali ka baro shi a baya tuni.

Sannan kifi ba ya fitowa da siffar kifi, lanƙwasa yake fitowa irin ta baka. Dalili kuwa, sautin ba a miƙe yake sauka ba, buɗewa yake yi yana faɗi yayin da yake nisa. Lokacin da kifi ya shigo gefen da'irar da sautin ya buɗe, yana da ɗan nisa da tiransdusa, sai a zana shi ƙasa-ƙasa. Da jirgi ya zo daidai kansa nisan ya ragu, zanen ya hau. Da ka wuce ya sake sauka. In jirgi a tsaye yake kifin ma a tsaye, dogon layi kawai za ka gani. Kuma tsawon bakan ba girman kifi ba ne, daɗewarsa ce a cikin da'irar. Ƙaramin kifi in kana tafiya a hankali zai zana maka baka zuƙeƙe. Kauri da ƙarfin launi su ake dubawa.

Sadiya_Tudunwada:
Amma ni na ga wadda ke nuna 'yan kifaye sak a allo, har da lamba a kansu, tana ƙara in ta gan su.

Bazazzagi_a_Amurka:
Haka ne Hajiya, akwai wannan saitin, kuma shi ne na farko da ake ba sabon shiga shawarar ya kashe. Na'urar ba ta san kifi ba. Duk abin da ya dawo da amsa tsakanin sama da ƙasa sai ta manna masa hoton kifi. Reshe, ganye, kumfa, ledar da ta riƙe iska. Ki tuna yawan ledar da Kubanni ke kwasowa daga Samaru da ruwan farko, sai ta yi ta ƙara har batir ya mutu.

Malamin_Fiziks:
Maganar da'irar nan ita ce ta fi shafar Abban Hanwa, kada a wuce ta da sauri. Ƙananan na'urorin da aka saba yawanci suna aiki da kaɗawa 200,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 200, kuma buɗewar sautin kusan digiri 20 ce. A lissafi, faɗin wurin da take haskawa a ƙasa kusan sulusin zurfin ne. A mita 30, tana duba da'ira mai faɗin mita 10 da 'yan kai. A mita 3 kuwa, faɗin mita 1 kacal. Wato a ruwa marar zurfi sai kifi ya bi ta ƙarƙashin jirginka daidai kafin ka gan shi, kuma wane kifi ne zai tsaya jirgi ya bi ta kansa a mita 3? Akwai masu haɗa kilohaz 83 mai buɗewar digiri 60, wadda faɗinta ya ɗan ɗara zurfin, ita ta fi dacewa da irin ruwanmu, sai dai hotonta bai kai na 200 fitowa tar ba. Kilohaz 50 kuma ta masu teku ce, tana nisa ƙwarai, ba abin da za ka yi da ita a kogin Galma.

Kabiru_Kwangila:
Me ya sa mai yawan kaɗawa ta fi fito da hoto amma ba ta nisa?

Malamin_Fiziks:
Tsawon zangon kowace kaɗawa ne. A kilohaz 200 bai kai santimita 1 ba, kusan milimita 7 da rabi. A kilohaz 50 kusan santimita 3 ne. Gajeren zango ya fi kama ƙananan abubuwa, amma ruwa ya fi saurin shanye ƙarfinsa. Na zamani da ake rubuta wa CHIRP ba sa tsayawa a kan lamba ɗaya, kowace harbawa takan zarce daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa suka fi iya raba kifi biyu da ke kusa da juna, ko kifi da ƙasa. In za a saya, a nemi mai wannan.

Anti_Mai_Sikanin:
Ina ta karatu ina murmushi, don aikina ke nan kullum a asibiti. Na'urar hoton ciki da muke duba masu juna biyu da ita, asalinsu ɗaya, irin faifan nan ne a cikin kan da muke gogawa. Mu dai namu kaɗawar miliyoyi ce a daƙiƙa, tunda santimita kaɗan muke nema ba mitoci ba. Kuma wannan man mai sanyi da muke shafawa a ciki, da mata ke ta ƙorafi a kai, don korar iska ne tsakanin kan da fata. Iska ko kaɗan ta shiga, hoto ya tafi. Don haka na yarda da ɗalibar nan ɗari bisa ɗari.

Mai_Gyara_PZ:
Anti ta taɓo inda mutane ke ɓata abin. An taɓa kawo mini irinta wai ta lalace, ashe mai ita ajiye kan ya yi a cikin kwale-kwale, a kan katako, yana jira ya ga ƙasa. Katako cike yake da ƙofofin iska, sauti ba ya ratsa shi yadda ya kamata. Jirgin faiba ne ake iya manna kan daga ciki, shi ma sai an yi da gam ɗin da ba kumfa. A kwale-kwale, ka sami ɗan bututu ko katako ka ɗaure kan a ƙarshensa, ka maƙala a gefe ya nutse ƙasa da gindin jirgin kaɗan, fuskarsa na kallon ƙasa daidai ba a karkace ba. In akwai inji, ka nisanta shi da farfela, don kumfar da take tayarwa ita ma iska ce. Wuta kuma bolt 12 take ci. Ƙananan ba sa jan wuta sosai, ɗan batirin da ake sa wa UPS, na'urar riƙe wa kwamfuta wuta, zai wuni da kai. Ka sa fis, kuma kada ka haɗa ta da batirin tada inji in kana da hali, yana sa allo ya yi ta zane-zanen banza.

Dan_Fagge:
Tsaya tukuna. Duk wannan dogon Turanci, shin Abban Hanwa yana da jirgin ma kuwa? Ko a bakin gaɓa yake zama da 'yar kujerarsa?

Abban_Hanwa:
Wani lokaci nakan ba masu kwale-kwale wani abu su shiga da ni. Amma gaskiya yawanci a gaɓa nake.

Bazazzagi_a_Amurka:
To ai da ka faɗi haka tun farko. Akwai wadda ake jefawa, 'yar ƙwallo ce da ake ɗaurewa a zaren fatsa, ka wurga ta ta yi iyo, ka riƙa janyowa a hankali, ita kuma tana turo hoton zuwa wayarka ba tare da waya ta haɗa su ba. Kamfanin Deeper na ƙasar Lituweniya ya yi suna a kanta, Garmin ma suna yi. Ba batir ɗin ɗauka, ba ɗaure-ɗaure. Sai dai ka sa zare mai ƙarfi, in ya tsinke kuɗinka ne ke tafiya a kan ruwa kana kallo.

Maman_Iman:
Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa. Ina kiwon tarwaɗa a tankunan siminti a bayan gida. Babbar matsalata ita ce sanin adadin da ya rage, don suna cin junansu. In na sayi wannan ta jefawa za ta ƙirga mini su?

Dalibar_Kifi:
A'a Mama, kada ki ɓata kuɗinki. Tankin bai wuce mita 1 da 'yan kai ba, kuma na'urar tana da ɗan tazara a gaban kan da ba ta ji, don faifan bai gama kaɗawa ba amsar ta riga ta dawo. Ga bangon siminti ta kowane gefe yana mayar da sauti, ga kifi cunkus. Allon zai cika da launi ne kawai. Maganin cin juna shi ne tacewa, ki riƙa ware manyan da suka yi zarra daga ƙanana a kan kari, lokacin ne kuma za ki ƙirga.

Maman_Iman:
Na gode. Aikin tacewar ne dai nake gudu, ashe ba makawa.

Shehu_Gyallesu:
Amurkawa dai ba su bar komai ba. Har kifi sun ƙirƙiro masa na'urar leƙen asiri.

Injiniya_Samaru:
Malam Shehu, wannan kam ba su kaɗai ba ne. Faifan da ke ba da wuta in an matsa shi, 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano ɗabi'arsa a 1880. Bayan jirgin Titanic ya nutse a 1912 aka shiga neman hanyar gano dutsen ƙanƙara da sauti, sannan a yaƙin duniya na farko Paul Langevin, shi ma Bafaranshe, ya yi amfani da irin faifan don farautar jiragen yaƙi masu nutso. Ta kamun kifi da aka fara sayarwa kuwa, 'yan'uwa biyu ne 'yan Japan masu suna Furuno suka fito da ita a yankin Nagasaki a 1948, kuma kamfanin na nan har yau. Inda Amurkawa suka shigo shi ne mai da ita ƙarama don masu nishaɗi: iyalan Lowrance sun kafa kamfaninsu a 1957, a 1959 suka fito da wani ɗan koren akwati da ya bazu a wurin masu fatsa. Wancan ko allo ba shi da shi, fitila ce ke zagaya tana walƙiya a daidai zurfin da amsa ta fito.

Jikan_Sarkawa:
Wata tambayar. Mu mun san kifi na jin motsi, ko filafili ka buga a jikin jirgi ya watse. Wannan ƙara da ake harba masa a kai ba za ta kore shi ba?

Dalibar_Kifi:
Yawancin kifaye ƙananan sautuka suke ji, daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai kaɗan a daƙiƙa. Tarwaɗa na cikin masu kunne sosai, amma ita ma ba ta kusa da 200,000. Mu mutane ma a wajen 20,000 muke tsayawa. Akwai wani kifi a Amurka dangin sadin da aka tabbatar yana ji har kilohaz 180, amma ba irin namu ba ne. Bugun filafili da takun ƙafa a cikin jirgi su ne a daidai kunnensu.

Bazazzagi_a_Amurka:
A takarda haka ne, ƙanwata. Amma in ka kai kunnenka kusa da kan yana aiki za ka ji ɗan ƙas-ƙas, kuma tsofaffin masu fatsa da yawa a nan suna kashe tasu in sun shiga ruwa marar zurfi, sun rantse kifin da aka matsa wa da kamu yana gane ta. Ni ma ina kashewa. Ko ba komai a mita 2 ba abin da take nuna mini.

Dalibar_Kifi:
Yaya, rantsuwar masu fatsa ai ba a kafa hujja da ita, su da kifin da ya kuɓuce musu kullum shi ne mafi girma.

Ustaz_Kofar_Doka:
Ni abin da ke raina daban ne. Kayan aiki ne kamar koma da ƙugiya, ban ga laifinsa ba, kuma rabo sai wanda Allah ya rubuta. Amma in kowa ya mallaki abin da ke nuna masa maɓoyar kifi, me za a bar wa na baya? Ruwayen nan ƙanana ne.

Jikan_Sarkawa:
Allah gafarta Malam, ba wannan ce za ta ƙarar da kifi ba. Abin da ke ƙarar da shi muna gani da idonmu: masu jan taru da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, da masu zuba guba a gurbi da rani su kashe komai har kwaɗi. Da can Sarkin Ruwa in ya ce an rufe wuri, an rufe, ba mai jefa ko fatsa sai ranar da aka buɗe. Wannan ne ya lalace. Mutum ɗaya da 'yar ƙwallonsa ranar Asabar ba zai yi ɓarnar taru ɗaya ba.

Bazazzagi_a_Amurka:
Baba ya yi gaskiya game da gida, amma damuwar Ustaz ita ake ta rigima a kai a nan. Tun da Garmin suka fito da LiveScope a 2018, wadda ke nuna kifi yana motsi a gaban jirgi kai tsaye, har ka ga yadda yake bin ƙugiyarka, masu fatsa suka rabu biyu. Wasu masu shirya gasa sun taƙaita amfani da irinta, wasu sun hana. Sai dai tana da tsada sosai, ba ita Abban Hanwa ke magana ba.

Abban_Hanwa:
To jama'a, a dawo kaina. In tarwaɗa ba ta fitowa, da'irar kuma mita 1 ce, me zan ci da ita? In ce ya bari kawai?

Injiniya_Samaru:
Ni ban ce ka bari ba. Ka sauya abin da kake nema daga gare ta. Kada ka saye ta don ganin kifi, ka saye ta don sanin ƙasa. Kowane dam akwai tsohuwar hanyar kogi a kwance a ƙarƙashinsa, akwai inda ƙasa ke gangarawa kwatsam, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Nan kifi ke taruwa, kuma waɗannan ba sa gudu in jirgi ya zo. Ƙasa mai tauri takan dawo da amsa mai ƙarfi, wani lokaci har ka ga layi na biyu a ninkin zurfin, don sautin ya bugi ƙasa, ya bugi saman ruwa, ya sake komawa. Laka kuwa shanye sautin take yi, layin ya fito dishi-dishi. In ka san inda yashi ya ƙare laka ta fara, ka san inda za ka ajiye wa tarwaɗa ƙugiya mai tana ko da ba ka gan ta ba.

Jikan_Sarkawa:
Injiniya, abin da ka lissafa duk gwangwalata na yi, kuma ba ta cin batir.

Injiniya_Samaru:
Tana yi Baba, a inda ta kai. Wuce gaba uku fa? Kuma kai shekara da shekaru ka yi kana soka ta kafin ruwan ya zauna maka a ka. Shi Asabar kawai gare shi.

Kabiru_Kwangila:
Akwai kuma masu duban gefe, ba wanda ya ambata. Suna harba siririn sauti dama da hagu a kilohaz 455 ko 800, su share mitoci da yawa kowane ɓangare ko da ruwan ba zurfi. Wannan ai ta warware matsalar da'irar Malam. Irinta masu ceto ke neman abin da ya nutse da ita.

Malamin_Fiziks:
Ta warware, amma tana son jirgi mai tafiya a miƙe da gudu ɗaya a hankali. Kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili yana rangaji, hoton zai yi ta karkacewa. Kuma ba a jefa ta daga gaɓa.

Sadiya_Tudunwada:
Tunda an ambaci nutsewa, ni roƙona ɗaya. Duk mai shiga kwale-kwale ya fara sayen rigar ruwa kafin na'ura. Kowace shekara muna jin abin da ke faruwa a Neja da Kebbi. Kuma Kubanni ruwan shan jami'a ne, a nemi izinin masu kula da wurin kafin a shiga da wani abu, kada masu gadi su ga mutum da na'ura mai walƙiya a yi ta bayani.

Dalibar_Kifi:
Wani abu da zai ba ka mamaki in ka gwada a Kubanni shi ne rashin zurfin wurare da yawa, don laka da yashi da ruwa ke kwasowa suna ta cike shi. Da irin wannan sautin ake auna cikewar dam, a bi layi-layi ana rubuta zurfi da wurin, bayan shekaru a sake a kwatanta. In kuma ka je ruwa mai zurfi irin Kainji da bazara, za ka iya ganin wani siririn layi a kwance a tsakiyar ruwa, ba ƙasa ba ne ba kifi ba ne. Iyaka ce tsakanin ruwan sama mai ɗumi da na ƙasa mai sanyi. Sau da yawa na ƙasan ba shi da isasshiyar iskar shaƙa, kifi sai ya tsaya a saman layin. Wanda ya sauke ƙugiya ƙasa da nan zai wuni ba ko taɓi.

Dan_Fagge:
To in ta iso a kawo ta Tiga a gwada ta a ruwan gaske. Ni zan biya kuɗin kwale-kwale, ku ku zo da rigunan da Hajiya ta ce.

Mai_Gyara_PZ:
Abban Hanwa, in dai za a taho da ita, ka ce ya duba abu biyu kafin ya biya. In ta allo ce, ya tabbatar kan na cikin kwalin, don wasu ana sayar da allon daban kan daban, kuma filogin kowane kamfani nasa ne, ba za ka sami madadinsa a Sabon Gari ba. Wayar kan ma kada a yanke ta don ta shiga jaka. In ta jefawa ce, ya duba ko manhajarta na hawa irin wayarka, kuma ya karanta mafi ƙarancin zurfin da take aiki a kai, yana rubuce a jikin kwalin.

Kabiru_Kwangila:
Ya kuma mai da awon zuwa mita tun a can. Yawancin na Amurka da ƙafa suke zuwa, kada ka ga 10 ka ɗauka mita 10 ne alhali 3 ne da ɗan ɗori.